Kumburin Hannu Bayan Jinyar Sankarar Mama: Asalinsa, Jinyarsa da Sunansa a Hausa

1. Gabatarwa

Daga cikin matan da a ke yi wa aikin sankarar mama, watau ciwon dajin nono, akwai waɗanda bayan rauni ya warke, an sallame su, sun koma gida an yi barka, sai hannun da ke gefen da aka yi aikin ya soma nauyi, daga nan ya kumbura. Wata ta kan ga haka bayan 'yan watanni, wata sai bayan shekara biyu ko uku, wata kuwa sai ta daɗe da manta hanyar asibiti. Likitoci suna kiran wannan kumburi limfidima. Shi kansa ba sankara ba ne, ba ya kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma idan aka bar shi ya yi ƙarfi ya kan hana mace daka da wanki da goyo, har sa riga ya zama mata aiki.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda kumburin ke faruwa, da abin da aka sani game da jinyarsa, sa'an nan a duba kalmomin da ya kamata a yi amfani da su wajen koyar da shi da Hausa. Maganar kalmomi ba ƙarama ba ce. Sunan da aka ba ciwo shi ke nuna wa mai ciwon ƙofar da za ta nufa, ko ta likita ko ta wanzami, ga shi kuwa wannan ciwo yana cikin waɗanda askar wanzami ke ƙara wa ƙarfi.

2. Ruwan limfi da magudanansa

Kowa ya san jini da jijiyoyinsa, amma akwai wani ruwa na biyu a jiki wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Duk wanda ya taɓa ƙonewa fatarsa ta yi bororo, ya ga ruwa garai-garai, mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, da ke fita idan bororon ya fashe. Irin wannan ruwa yana tsattsafowa kullum daga ƙananan jijiyoyin jini, ya shiga tsakanin tsoka da fata, ya kai musu abinci. Bayan ya gama aikinsa dole a kwashe shi, tare da furotin da ke cikinsa, da matattun ƙwayoyin halitta, da duk ƙwayar cutar da ta samu shiga. Masu kwashe shi waɗansu siraran magudanai ne da ke ko'ina ƙarƙashin fata. Da zarar ruwan ya shiga cikinsu, sunansa limfi.

Turawa ma ba su san waɗannan magudanai da wuri ba. A 1622 Gaspare Aselli na Italiya ya ga waɗansu fararen jijiyoyi a hanjin kare. A 1651 Jean Pecquet na Faransa ya gano babbar magudanar da ke hawa ta ƙirji, sa'an nan tsakanin 1652 da 1653 Olof Rudbeck na Suwidin da Thomas Bartholin na Danmak, kowa a ƙasarsa, suka nuna cewa magudanan sun game jiki duka. Bisa ga lissafin masana na yanzu, ruwan da ke tsattsafowa a jikin baligi ya kan kai kamar lita 8 a yini, an fi kuma yarda cewa kusan dukansa ta wannan hanya ya ke komawa cikin jini.

Limfi ba shi da zuciya mai tura shi kamar jini. Abin da ke tafiyar da shi uku ne: magudanan kansu suna ɗan tsukewa suna saki, naman jiki yana matsa su idan mutum ya motsa, numfashi kuma yana jawo ruwan zuwa ƙirji. A cikinsu akwai 'yan marafai da ke hana ruwa komawa baya. A kan hanya ruwan ya kan ratsa waɗansu 'yan ƙwayoyi masu kama da wake, waɗanda ke tace shi, su kama ƙwayoyin cuta. Su ne ke kumbura a hammata ko a matsematsi idan mutum ya yi miki a yatsa, Bahaushe ya ce kaluluwa ta fito masa. Akwai ɗaruruwansu a jiki, a hammata guda kuwa a kan sami ashirin zuwa arba'in. Kusan dukan limfin hannu, da kamar kashi uku cikin huɗu na limfin nono, ta hammata su ke bi. Wannan haɗuwa ta hanya ita ce tushen maganarmu.

3. Abin da ke toshe hanya

Tun da ya ke ruwan nono ta hammata ya ke wucewa, ƙwayoyin sankara ma idan za su yaɗu, can su ke fara sauka. Saboda haka likita ya kan cire waɗansu ƙwayoyin kaluluwa na hammata, ko kuwa a gasa wurin da hasken na'ura, wani lokaci a haɗa biyun. Wuƙa tana yanke magudanai, haske kuma yana sa wurin ya yi tabo ya taurare a hankali. Ruwan hannu, wanda ba ruwansa da ciwon, sai ya iske hanyarsa ta ƙuntata. A yawancin mata sauran magudanan su kan ɗauki nauyin, ruwa ya sami waɗansu hanyoyi ta kafaɗa. A waɗansu kuwa magudanan da suka rage su kan yi ta fama har su gaji, marafansu su saki, ruwa ya kwanta. Wannan ya sa kumburin ke jinkirin bayyana.

Likitan da ya shahara da wannan aiki shi ne William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Baltimo ta Amurka. A 1894 ya bayyana hanyarsa ta cire nono gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata duka. Aikin ya rage dawowar ciwon a wurin, amma mata da yawa suka wayi gari da hannu kamar turmi. A 1908 Sampson Handley na Landan ya gwada binne zaren siliki ƙarƙashin fata domin ruwa ya bi shi ya fita, abin bai ɗore ba. A 1921 Halsted da kansa ya yi rubutu a kan kumburin, ya ba shi suna da Latin wanda ma'anarsa ita ce tundurmin da aikin tiyata ya jawo. A 1948 Patey da Dyson na asibitin Middlesex a Landan suka nuna ana iya barin babban naman ƙirji, aikin ya yi sauƙi.

Babban canji ya zo ne a 1993 da 1994, sa'ad da David Krag da Armando Giuliano a Amurka suka nuna yadda za a gane kaluluwar da ruwan nono ke fara isa gare ta, wadda za mu iya kira mai tsaron ƙofa. A kan yi allurar wani shuɗin ruwa, ko wani sinadari mai haske, kusa da ciwon, a bi sawunsa zuwa hammata, a cire ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku kaɗai a duba. Idan babu sankara a cikinsu, sai a bar sauran.

4. Yawan waɗanda abin ke samu

A 2013 Tracey DiSipio da abokan aikinta a Ostareliya suka tattara bincike 72, suka ga cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar ta kan sami kumburin bayan jinya. Waɗanda aka kwashe musu kaluluwar hammata, kusan 20 cikin 100 ne suka kumbura, waɗanda aka cire musu mai tsaron ƙofa kaɗai kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari su ne yawan ƙwayoyin da aka cire, da haska hammata, da ƙiba, da shigar ƙwayar cuta a hannun. Yawanci cikin shekara biyu ko uku na fari kumburin ke bayyana, ko da ya ke ƙofarsa ba ta rufewa har ƙarshen rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kamar miliyan 2.3. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. A 2016 Elima Jedy-Agba da abokan aikinta suka duba bincike 83 daga ƙasashe 17 na Afirka kudu da Sahara, suka ga kamar kashi uku cikin huɗu na matan sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu su ke zuwa asibiti. Wadda ta zo a makare, ciwo ya riga ya sauka a hammata, ba makawa sai an kwashe kaluluwa da yawa, sau da yawa kuma a haska. Ashe jinkirin zuwa asibiti, ban da barazanar da ya ke yi wa rai, yana kuma ƙara wa hannu haɗari.

5. Alamu da matakai

Tun kafin ido ya ga kumburi mace ta kan ji hannun ya yi nauyi, ko fata ta ɗaure. Zobe ya ƙi fita, awarwaro ya kama, hannun riga ya matse a gefe guda. Jijiyoyin bayan hannu da ƙasusuwan yatsu su kan ɓace cikin nama. Wani lokaci kumburin ya kan taɓa gefen ƙirji da bayan hammata.

Masana sun kasa ciwon mataki huɗu. A matakin share fage magudanai sun raunana amma ba a ga kome ba. A mataki na ɗaya hannu ya kumbura, yana da taushi, idan aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa, idan an ɗaga hannun aka kwana ya kan saɓe. A mataki na biyu ɗagawa ba ta saɓar da shi, gama ruwan mai furotin da ya daɗe kwance ya sa kitse da tauri sun taru, har a kai inda dannawa ba ta lotsa shi. A mataki na uku fata ta yi kauri da kaushi, ta yi ninki da 'yan ƙuraje, wani lokaci ruwa na ɗiga. Abin lura a nan shi ne, a farko ruwa ne, ana iya kore shi, daga baya kuwa ya zama nama da kitse, waɗanda matsi ba ya kawar da su. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Awon ba shi da wuya. Da tef irin na tela a kan auna kewayen hannu biyu a wurare guda: tafi, da wuyan hannu, da ƙasan gwiwar hannu, da damtse. Idan bambanci ya kai santimita 2, ko girman hannun ya ɗara ɗan'uwansa da kashi 10 cikin 100, likitoci da yawa su kan ce kumburi ya tabbata. Ya fi kyau a yi awon farko tun kafin aiki, domin hannun da mutum ya fi mora ya kan ɗan fi ɗaya kauri tun asali.

Lalle ne a sani ba kowane kumburi ne limfidima ba. Idan hannu ya kumbura farat ɗaya, da zafi, ko launinsa ya sake, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Idan kuma akwai sabon ƙullutu a hammata ko a gindin wuya, ko ciwo mai tsanani da mutuwar hannu, mai yiwuwa sankarar ce ta dawo. Likita kaɗai ke iya rarrabe waɗannan, saboda haka duk sabon kumburi a kai masa ya gani.

6. Shigar ƙwayar cuta

Hannun da limfi ya kwanta a cikinsa ba ya iya kare kansa sosai, gama masu tace cutar sun ragu, ruwan da ya kwanta kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Ɗan yanka na wuƙar girki, ko ƙaya, ko ƙuna, ko tsagewar fata da hunturu, ya isa ya buɗe musu ƙofa. Sai fata ta yi ja, ta yi zafi, ta yi sheƙi, zazzaɓi da rawar ɗari su biyo baya. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, zafin wurin da ciwonsa su ne abin dubawa. Sau da yawa a kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sha maganinsa a kwanta. Wannan kuwa ciwo ne da ke bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su fenisilin, a ranar da ya fara. Kowane tashi ya kan lalata waɗansu magudanan da suka rage, kumburi ya ƙaru, ƙaruwar kumburi kuma ta jawo wani tashin.

A nan ne al'adunmu na jinyar kumburi ke da haɗari. Bahaushe ya saba idan wuri ya kumbura a ce mataccen jini ne ko mugunya, a kira wanzami ya yi ƙaho, ko tsaga, ko a yi sakiya. Ga maruru mai mugunya akwai abin da zai fita. A wannan kumburi kuwa ruwan ba a wuri guda ya taru ba, yana cikin nama ne kamar ruwa a cikin soso, tsaga ba za ta fitar da shi ba, sai dai ta bar rauni mai wuyar warkewa wanda ke ɗigar ruwa. Haka kuma gasa hannun da ruwan zafi: zafi yana ƙara kawo ruwa, ga shi kuma sau da yawa fatar cikin damtse ta kan mutu bayan aikin hammata, mace ta ƙone ba ta ji ba.

7. Jinya

Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da limfidima. Magungunan sa fitsari, waɗanda ke amfani ga kumburin ciwon zuciya, ba su da fa'ida a nan, domin ruwa su ke janyewa su bar furotin. Jinyar da aka dogara da ita ta samo asali daga Turai. Emil Vodder da matarsa Estrid, mutanen Danmak, su suka tsara wata tausa mai taushi wadda aka nuna a Faris a 1936, daga baya Michael da Ethel Földi a Jamus suka haɗa ta da sauran dabaru ta zama tsari guda mai rukuni huɗu.

Na ɗaya shi ne tsabtar fata: wanki da sabulu, da tsane tsakanin yatsu, da shafa mai kamar man kaɗanya domin kada fata ta tsage, da wanke kowane ɗan rauni nan da nan. Na biyu matsi, shi ne kuwa ginshiƙin jinyar. Da fari a kan naɗe hannun da bandeji marar talewa sosai, hawa-hawa, daga yatsu zuwa hammata, matsin ya fi ƙarfi a ƙasa, har 'yan makonni. Idan ya saɓe sai a koma ga safar hannu ta roba wadda aka auna daidai da mai ita, a sa da rana, a sake sabuwa kamar bayan wata shida. Naɗin da bai dace ba, wanda ya shaƙe damtse ya bar tafi, ɓarna ya ke yi, don haka a koya daga ma'aikacin da ya iya. Na uku motsa hannu yana cikin matsi. Na huɗu tausar, wadda shafa ce a hankali daga gindin wuya da ƙirji, sa'an nan a gangaro ga hannu, ana kora ruwa zuwa sama. Ba murza ba ce irin ta mai targaɗe. Bincike ya nuna amfaninta bai kai na matsi ba. Rage ƙiba ma yana taimakawa.

Akwai kuma aikin tiyata ga waɗansu. A Japan Isao Koshima ya ƙware wajen ɗinke siraran magudanan limfi da ƙananan jijiyoyin jini ƙarƙashin madubin likita. A Malmo ta Suwidin Håkan Brorson ya nuna ana iya zuƙe kitsen da ya taru, muddin mace za ta ci gaba da sa safa dare da rana. Waɗannan ayyuka suna da tsada, masu yinsu kuma kaɗan ne.

8. Hane-hanen da aka sake dubawa

Shekaru da yawa a kan gaya wa mata kada su ɗauki kaya da hannun, su lallaɓa shi kamar ƙwai. A 2009 Kathryn Schmitz ta Jami'ar Fensilbaniya ta gwada mata 141 masu kumburin. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, suna sanye da safa, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Bayan shekara guda, 14 cikin 100 na masu ɗagawa ne kumburinsu ya tashi, alhali a cikin waɗanda ba su ɗaga ba 29 cikin 100 ne. Darasin ga matan karkara a fili ya ke. Ba a ce mace ta bar daka da jan guga har abada ba, an ce ta koma musu sannu a hankali, ta fara da kaɗan, ta huta, ta duba hannun, idan ya ƙara nauyi ta rage.

Haka nan a 2016 wani bincike a babban asibitin Masacusets da ke Boston bai sami alaƙa tsakanin kumburin da ɗibar jini, ko allura, ko awon hawan jini, ko shiga jirgin sama ba. Likitoci da yawa har yanzu sun fi son a yi amfani da ɗaya hannun idan da hali, amma kada tsoron allura ya hana mace maganin da ta ke bukata.

9. Maganar suna

Kalmar da ta fi saurin zuwa bakin Bahaushe idan ya ga irin wannan hannu ita ce tundurmi. Ta wata fuska ya yi daidai, gama tundurmi ma toshewar magudanan limfi ne, mun kuma ga Halsted kansa wannan kama ya gani. Jinyar fata da wanki da ɗagawa da motsi da a ke koya wa mai tundurmi kusan ita ce a ke koya wa mai wannan hannu. Amma sanadi ya bambanta. Tundurmin da muka sani a ƙafa, da gwaiwar da ke tafiya tare da shi, wata siririyar tsutsa ce ke kawo su, wadda sauro ke ɗauka, kamar yadda Patrick Manson ya gano a ƙasar Sin a 1877. Ƙwayoyin da a ke rabawa gida-gida domin kashe wannan tsutsa ba za su yi wa hannun da aka yi wa aiki kome ba. Ban da haka, tundurmi suna ne na ciwon da ya riga ya ƙasaita. Macen da zobenta ya fara matsewa ba za ta ce tana da tundurmi ba, ita ce kuwa wadda jinya ta fi yi wa amfani.

Kalmar kumburi ita kaɗai ta yi faɗi, ta haɗa da na ciwon ƙoda da na zuciya da na mai ciki. Saboda haka shawarar wannan takarda ita ce, a littattafan makaranta a riƙa cewa ruwan limfi, a bayyana shi da ruwan bororo, a ce magudanan limfi maimakon jijiyoyi, domin jijiya a Hausa ta riga ta ɗauki ma'ana uku, ta jini da ta motsi da ta ji. Kaluluwa kuwa a faɗaɗa ta, a nuna wa ɗalibai cewa ƙwayoyin suna nan kullum ko ba su kumbura ba. Ciwon kansa a kira shi kumburin limfi, a ajiye tundurmi ga matakinsa na ƙarshe da kuma ciwon tsutsa.

10. Kammalawa

Malamin da ke horar da malamai yana magana ne da gidaje da yawa a lokaci guda, gama ɗalibansa za su watsu cikin garuruwa, su ne kuma a kan tambaya idan takardar asibiti ta zo da Turanci. Abin da ya kamata su tafi da shi kaɗan ne. Duk macen da ta ji ƙullutu a nono ta je asibiti da wuri. Wadda aka yi wa aiki ta tambayi likita ko an taɓa hammatarta, ta auna hannunta lokaci-lokaci, ta kiyaye fatarsa, ta ci gaba da mora shi. Idan ya yi nauyi ta koma asibiti kafin ya taurare, idan ya yi zafi da zazzaɓi ta koma a ranar. Dangi kuma su sani ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare, kada kuma a bari a sa masa aska ko ƙaho.